Miji, Uba, Kaka: Manzon Allah (SAW) Kamar Yadda Mutanen Gidansa Suka Tuna Da Shi



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, idan magidanci ya rasu shaida iri biyu ake yi masa. Akwai ta ƙofar gida, wadda abokai da maƙwabta ke yi a kan tabarmar zaman makoki, kowa yana cewa mutumin kirki ne. Akwai kuma ta cikin gida, wadda matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa ke riƙe da ita a zuci, ko sun furta ko ba su furta ba. Ta farko mutum yana iya samunta da fara'a da 'yar kyauta. Ta biyu kuwa ba ta sayuwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hausawa ma suna da suna ga mutumin da ya sami ta farko ya rasa ta biyu, sukan ce da shi inuwar giginya, na nesa ka sha.

Da yawanmu mun koyi tarihin Manzon Allah (SAW) a matsayin jerin yaƙoƙi: Badar, Uhudu, Khandak, buɗe Makka. Duk wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a sani. Amma a wannan rubutu ina so mu bi ta wata ƙofa, mu yi sallama mu shiga cikin gida, mu ji abin da waɗanda suka kira shi miji da uba da kaka suka faɗa a kansa. Labaran da zan kawo ma'anarsu suna cikin littattafan hadisi da na sira da aka sani.

Maraya a kan shimfiɗar kakansa

An haife shi a Makka wajen shekara ta 570 Miladiyya, bayan mahaifinsa Abdullahi ya riga ya rasu. Yana ɗan shekara 6 mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa, a kan hanyarsu ta dawowa daga Yasriba, garin da daga baya ya zama Madina. Ummu Aiman ce ta riƙo hannunsa ta kawo shi Makka wurin kakansa Abdulmuɗɗalib.

Masu sira sun ba da labarin cewa akan yi wa Abdulmuɗɗalib shimfiɗa a inuwar Ka'aba, kuma don girmamawa babu ɗaya daga cikin 'ya'yansa da ke zama a kanta. Sai wannan yaro ya zo ya hau abinsa. Idan baffanninsa suka yunƙura za su janye shi, sai tsohon ya hana, ya zaunar da shi kusa da shi yana shafa bayansa. Shekara biyu kacal wannan gata ya yi, kakan ya rasu yaron yana ɗan shekara 8, riƙonsa ya koma hannun baffansa Abu Ɗalib.

Na fara da wannan ne domin mai karatu ya riƙe shi a ransa. Wanda za mu gani nan gaba yana ɗauke da jikarsa a kafaɗa cikin sallah, mutum ne da bai taɓa ganin fuskar mahaifinsa ba, kuma ya san abin da hannun kaka ke yi wa zuciyar yaro.

Shekara 25 da Khadija

Yana da shekara 25 ya auri Nana Khadija 'yar Khuwailid (RA), attajira, bazawara, wadda ta girme shi, bayan ya kai mata fatauci Sham ta ga amanarsa. Sun zauna kimanin shekara 25, bai yi mata kishiya ba har ta koma ga Allah.

A shekara ta 610, da wahayi ya fara zuwa masa a kogon Hira, ya sauko zuciyarsa tana bugawa. Yana da baffanni masu faɗa a ji, yana da amini kamar Abubakar, amma ɗakin matarsa ya nufa, ya nemi a lulluɓe shi. Da ya gaya mata yana jin tsoro a kan kansa, sai ta rantse masa cewa Allah ba zai taɓa kunyata shi ba, ta kuma kafa hujja da halayensa: yana sada zumunci, yana ɗaukar nauyin gajiyayye, yana ba wanda ba shi da shi, yana karɓar baƙo, yana taimako a kan masifun da ke faɗa wa mutane. A lura, wannan shaidar mace ce da ta shekara 15 tana kwana tana tashi da shi. Ba ta tsaya tunani ba, domin abin da take gani kullum ta lissafa. Ita ce farkon wanda ya yi imani da shi, sannan ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal.

Ta shiga ƙuncin ƙauracewar da Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim na kimanin shekara 3 tare da shi, ga tsufa ga yunwa. Ba a daɗe da fitowa ba ta rasu, wajen shekara ta 619, shekarar da Abu Ɗalib ma ya rasu, wadda masu tarihi ke kira shekarar baƙin ciki.

Yadda ya riƙe ta bayan mutuwarta shi ne abin dubawa. Nana A'isha (RA) da bakinta ta ce ba ta yi kishi da wata mace ba kamar yadda ta yi da Khadija, alhali ba ta taɓa zama da ita ba, saboda yawan ambatonta da yake yi. Yakan yanka akuya ya yayyanka naman ya aika wa ƙawayen Khadija. Wata rana 'yar'uwarta Hala ta nemi izinin shigowa, sai ya ji irin neman izinin Khadija, nan take jikinsa ya nuna.

Bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan hijira, wato 624, cikin fursunoni akwai surukinsa Abul Asi ɗan Rabi'u, mijin 'yarsa Zainab, wanda a lokacin bai musulunta ba. Mutanen Makka suka aiko da dukiyar fansa. Cikin abin da Zainab ta aiko har da wata sarƙar wuya, wadda Khadija ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Da ya ga sarƙar ya gane ta, tausayi mai tsanani ya kama shi. Duk da haka bai zartar da hukunci shi kaɗai ba, sai ya nemi sahabbai, idan sun yarda, su saki fursunan su mayar wa Zainab sarƙarta. Suka yarda. Shekara 5 ke nan da rasuwar mai sarƙar.

Ɗakunan Madina

A Madina matansa suna zaune a ƙananan ɗakuna jikin masallaci, na laka da itacen dabino, da labulen gashi a bakin ƙofa. Hasanul Basri ya ce yana saurayi yakan shiga ya taɓa rufinsu da hannu. A'isha ta ce idan yana sallar dare takan kwanta a gabansa, in zai yi sujada sai ya taɓa ta ta janye ƙafafunta, in ya miƙe ta sake miƙe su. Ta kuma gaya wa ɗan 'yar'uwarta Urwa cewa akan ga jinjirin wata sau uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajensa ba, sai dabino da ruwa, da ɗan nonon da maƙwabta Ansar kan aiko.

An tambaye ta me yake yi idan yana gida. Ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. A wasu ruwayoyin ta fayyace: yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. A wata tafiya ya ce ayari su yi gaba, suka yi tsere ta wuce shi. Bayan shekaru, ta yi jiki, suka sake ya wuce ta, yana dariya yana tuna mata na farko. Ranar idi ya tsaya ya kare ta tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, bai gusa ba sai da ita ta gaji. A hanyar dawowa daga Khaibar a shekara ta 7, Anas ya gan shi ya durƙusa kusa da raƙumi ya kafa gwiwarsa, Nana Safiyya ta taka ta hau.

Yana kuma jin shawararsu. A Hudaibiyya, shekara ta 6, wato 628, bayan an ƙulla sulhun da ya yi wa sahabbai nauyi, ya umarce su har sau uku su yanka hadayarsu su yi aski, baƙin ciki ya hana kowa motsi. Ya shiga wurin Ummu Salama ya gaya mata. Ta ce ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya soke raƙuminsa, ya kira mai yi masa aski. Haka ya yi, jama'a suka tashi suna rige-rige.

Kada mai karatu ya ɗauka gida ne da ba a taɓa samun saɓani ba. Akwai kishi, akwai fushi. Anas ya ba da labarin ranar da wata daga cikin matan ta aiko da akushin abinci ɗakin 'yar'uwarta, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aike akushin ya faɗi ya tsage, ga baƙi a zaune. Sai ya sunkuya yana tattara abincin, ya gaya wa baƙin cewa uwarsu ce kishi ya motsa, ya sa aka ba da akushi mai lafiya a madadin wanda ya fashe. Maganar ta ƙare a nan. Sayyidina Umar (RA) ma ya yi mamaki da matarsa ta gaya masa cewa matan Annabi suna mayar masa da magana, wata ma takan yini ba ta kula shi ba. Da abin ya yi yawa, ya ƙaurace musu kwana 29 a wani ɗan bene, inda Umar ya same shi tabarma ta yi masa zane a haƙarƙari. Daga nan aka ba su zaɓi, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab, tsakanin jin daɗin duniya tare da rabuwa ta mutunci, da zama da shi a kan halin da ake ciki. Dukkansu suka zaɓe shi. Mata ne da suka san yunwar gidan ciki da bai, aka buɗe musu ƙofa, babu wadda ta fita.

Uban da ya binne 'ya'ya shida

Allah Ya ba shi 'ya'ya 7. Shida daga Khadija: Alƙasim, Zainab, Ruƙayya, Ummu Kulsum, Faɗima da Abdullahi. Na bakwai shi ne Ibrahim, daga Mariya Baƙibɗiya. Cikin bakwai ɗin nan, shida sun riga shi rasuwa. Ina roƙon mai karatu ya dakata a kan wannan lissafi kafin ya wuce.

Alƙasim, wanda ake yi masa alkunya da shi a ce Abul Ƙasim, da Abdullahi, sun rasu suna ƙanana a Makka, har maƙiya suka riƙa yi masa gorin cewa bayansa ya yanke. Ya rage da 'ya'ya mata huɗu, a cikin al'ummar da wasu ke jin kunyar haihuwar mace, wasu ma suna binne ta da rai.

'Ya'yan nan mata sun ɗanɗani kuɗar manzancin mahaifinsu. Ruƙayya da Ummu Kulsum an ɗaura musu aure da Utba da Utaiba, 'ya'yan Abu Lahabi, sai uban ya tilasta aka sake su tun kafin su tare, don kawai a ƙuntata wa mahaifinsu. Ruƙayya ta auri Usman ɗan Affan (RA), suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta 615. A Madina ta kwanta ciwo daidai lokacin fita Badar, Manzon Allah ya bar Usman yana jinyarta. Zaidu ɗan Harisa ya iso da bushara ta nasara ana cikin daidaita ƙasar kabarinta. Uban ya dawo daga babbar nasara ya tarar an binne 'yarsa.

Zainab kuwa, da Abul Asi ya cika alkawari ya sallamo ta zuwa Madina, wasu Ƙuraishawa suka tare ta a hanya, aka firgita ta, cikin da take ɗauke da shi ya zube. Daga baya mijinta ya musulunta aka mayar masa da ita, amma ba su daɗe ba ta rasu a shekara ta 8. Ummu Kulsum, wadda Usman ya aura bayan 'yar'uwarta, ta rasu a shekara ta 9. Anas ya ce ya ga Manzon Allah zaune a bakin kabarin 'yarsa idanunsa suna zubar da hawaye.

Sai Ibrahim, ɗan tsufa, wanda aka haifa a ƙarshen shekara ta 8. An kai shi shayarwa gidan wani maƙeri, Abu Saif, a unguwannin tudun Madina. Anas ya ce bai ga mai tausayin iyali kamarsa ba: yakan taka har can, ya shiga gidan hayaƙin maƙera ya turnuƙe shi, ya ɗauki yaron ya sumbace shi, ya dawo. Yaron bai cika shekara biyu ba ajali ya zo. Ya rungume shi yana numfashin ƙarshe, hawaye suna zuba. Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, har shi ma? Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ya kuma bayyana cewa ido zai yi hawaye, zuciya za ta yi baƙin ciki, amma harshe ba zai faɗi abin da Ubangiji bai yarda da shi ba.

A ranar aka yi husufin rana. Masana taurari sun lissafa cewa an yi husufin da aka gani a Madina ranar 27 ga Janairu, 632. Mutane suka ce rana ma tana juyayin Ibrahim. Uba ne da ya fito daga binne ɗansa, kuma maganar tana ƙara masa girma a idon jama'a, da ya yi shiru babu mai zarginsa. Amma ya tara su ya yi sallah, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Faɗima

Ita kaɗai ta rage. Tun tana yarinya a Makka ita ce ta zo ta ɗauke mahaifar raƙumar da aka jibga masa a baya yana sujada a Ka'aba. A Uhudu ita ta wanke masa jini, da ya ƙi tsayawa ta ƙona guntun tabarma ta danna tokar a kan raunin. A'isha ta ce idan Faɗima ta shigo yakan miƙe ya tarye ta, ya kama hannunta ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa, ita ma haka take yi masa.

Duk da wannan so, bai shagwaɓa ta da dukiyar jama'a ba. Bayan aurenta da Sayyidina Ali (RA), hannunta ya yi kanta saboda dutsen niƙa, ta je neman a ba ta mai hidima ba ta same shi ba. Da dare ya zo ya tarar sun kwanta, ya hana su tashi, ya zauna a tsakaninsu. Ali ya ce har ya ji sanyin ƙafafunsa a ƙirjinsa. Ya koya musu tasbihi 33, da tahmidi 33, da kabbara 34 lokacin kwanciya, ya ce ya fi musu mai hidima. Ali bai daina ba, ko a daren Siffin. A wani lokaci kuma, da aka nemi a sassauta wa wata 'yar babban gida da ta yi sata, ya yi rantsuwa cewa ko Faɗima ce ta aikata hukuncin zai hau kanta.

Kakan Hasan da Husaini da Umama

An haifi Hasan a shekara ta 3, Husaini a shekara ta 4. Akwai kuma Umama, 'yar Zainab. Abu Ƙatada ya ce ya gan shi yana jan mutane sallah Umama tana kafaɗarsa, in zai yi ruku'u ya sauke ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Jika mace ce, a gaban sahun mazan da ba su daɗe da fitowa daga jahiliyya ba.

Shaddad ɗan Hadi ya ce wata rana sujada ta yi tsawo har ya ɗaga kai ya duba, sai ya ga ɗaya daga cikin jikokin nan biyu a kan bayan Manzon Allah. Bayan sallama mutane suka ce sun zaci wani abu ya faru ko wahayi ne ya sauka. Ya ce babu ko ɗaya, ɗansa ne ya hau shi, bai so ya gaggauta shi ba sai ya gama. Buraida kuma ya ce yana huɗuba Hasan da Husaini suka shigo da jajayen riguna suna tafiya suna tuntuɓe, ya sauko daga mumbari ya ɗauko su, sannan ya ci gaba.

Aƙra'u ɗan Habis, wani shugaban Banu Tamim, ya ga ya sumbaci Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Manzon Allah ya dube shi, ya sanar da shi cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Wannan labari ya shafe mu, mu da wani lokaci kunya da kawaici kan hana uba ya nuna wa ɗansa so, musamman ɗan fari. Kunya alheri ce, amma bai kamata yaro ya girma yana tambayar kansa ko mahaifinsa yana ƙaunarsa ba.

Wasan bai hana tarbiyya ba. Hasan ya ɗauki dabino ɗaya daga na sadaka ya sa a baki, kakan ya sa ya tofar, ya gaya masa cewa gidansu ba sa cin sadaka. Agolansa Umar ɗan Abu Salama ya ce yana yaro hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai ya koya masa cikin taushi ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Ya ce tun daga ranar haka yake cin abinci. Hasan bai wuce shekara 7 da 'yan watanni ba lokacin da kakansa ya yi wafati, amma ya riƙe addu'ar wutiri da ya koya masa, har ta iso gare mu. Kakan ya taɓa zaunar da shi a mumbari ya ce shugaba ne, kuma ana fatan Allah zai sulhunta manyan rundunoni biyu na Musulmi ta hanyarsa. A shekara ta 41, wato 661, Hasan ya sauka daga halifanci ya bar wa Mu'awiya don a daina zubar da jini. Husaini kuwa, wanda ya yi tuntuɓe a jar riga, an kashe shi a Karbala a shekara ta 61, wato 680. Allah Ya ƙara musu yarda.

Ranar Litinin

A ciwon ajali ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin A'isha, suka yarda. Faɗima ta zo, ya yi mata raɗa ta fashe da kuka, ya sake yi mata ta yi dariya. Sai bayan wafatinsa ta bayyana: ta farko ya gaya mata ajalinsa ya matso, ta biyu ya yi mata bushara, ciki har da cewa ita ce farkon wadda za ta riske shi cikin iyalinsa. Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo da ɗanyen asawaki, A'isha ta ga yana kallonsa, ta gane yana so, ta karɓa ta tausasa masa da bakinta ya goga. Ya cika yana jingine a ƙirjinta, ranar Litinin cikin Rabi'ul Awwal, shekara ta 11, wato Yunin 632, yana da shekara 63, sulkensa yana jingina a wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa.

Bayan an binne shi Faɗima ta tambayi Anas yaya ransu ya yi musu daɗi suka zuba wa Manzon Allah ƙasa. Wata 6 ta yi a bayansa. An kuma ruwaito cewa wata rana Abubakar (RA) ya fito daga sallar la'asar ya ga Hasan yana wasa da yara, ya ɗauke shi a kafaɗa yana cewa Annabi ya ɗebo, bai ɗebo Ali ba, Ali yana gefe yana dariya.

A zamanin Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wajen shekara ta 88, aka ba gwamnan Madina Umar ɗan Abdul'aziz umarnin shigar da ɗakunan nan cikin masallaci don a faɗaɗa shi. Mutanen Madina suka yi kuka. An ruwaito cewa Sa'id ɗan Musayyib ya yi fatan a bar su yadda suke, domin na baya su zo su ga abin da Manzon Allah ya wadatu da shi.

Kammalawa

Ɗakunan sun tafi, amma mutanen cikinsu sun ba da labari. A'isha ta rayu kusan shekara 47 a bayansa tana karantarwa, malamai sun ƙidaya mata hadisai 2,210. Anas, wanda ya yi masa hidima shekara 10, ya ce bai taɓa yi masa tsaki ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ka bar kaza ba. Daga irin waɗannan bakuna Imam Tirmizi, wanda ya rasu a shekara ta 279, ya tattara littafinsa na Shama'il, haka ma Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 544, a littafin Ashafa da muka tashi muna jin ana karantawa a garuruwanmu. Sauran manyan duniya sukan rufe ƙofar gida don kada a ga abin da ke ciki. Shi kuwa matansa da yaran gidansa aka bari su faɗi komai, har da ranar da akushi ya fashe, kuma abin da suka faɗa bai rage shi da komai ba. Shi da kansa ya sanya ma'aunin alherin mutum a kan yadda yake ga iyalinsa, kuma a huɗubar bankwana, gaban dubban mahajjata, ya yi wasiyya da a ji tsoron Allah game da mata.

Ya ɗan'uwana matashi, ke ma 'yar'uwata, da yawanku ba ku yi aure ba tukuna, wasu kuma yanzu kuka fara. Muna son sunna, muna muhawara a kanta a dandali da majalisa, kuma hakan yana da kyau idan da ilimi da ladabi. Amma akwai sunnonin da babu mai ganinsu sai mutanen gida: taya mata aiki, haɗiye fushi ranar da aka ɓata maka, sauraron shawararta, miƙewa don 'yarka, barin yaro ya gama wasansa, tunawa da dangin wadda ta rasu. Wanda bai yi aure ba yana da uwa da ƙanne, da su ake fara koyo. Wata rana za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan kowannenmu, na waje za su faɗi abin da aka saba faɗa. Ni dai abin da nake tambayar kaina shi ne, me na cikin gida za su tuna?

Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Annabinmu da iyalan gidansa. Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka rigaye mu, Ya ba waɗanda suka bari haƙuri, Ya sa mu zama sanyin ido ga iyalanmu, Ya tara mu da su a Aljanna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.